Tsani a Cikin Ruwa

Maris ya shigo Nevada da ɗingishi,
ƙafa ɗaya a ƙanƙara, ɗaya a taɓo.
Duwatsun da ke gadin Tafkin Pyramid
ba su cire farar hularsu ba tukuna.

Da asuba muka sauke tsani daga mota,
ni da Orval Etcheverry, ɗan makiyayin tumaki,
wanda gwiwarsa ta ƙarfe ke jin juyin iska
kafin rediyo ta ce uffan.
Muka kutsa. Ruwa ya kai ƙugu, ya nemi ƙirji.
Muka kafa tsani inda ƙasa ke yankewa,
inda shuɗi ke komawa baƙi.
Dama da hagu mutum talatin a jere,
kowa bisa nasa, shiru,
kamar masu jiran gyaran rufin
gidan da ba a gina ba.

Ruwa ya kwanta luf.
"Wannan kyau na masu hoto ne," in ji Orval.
"Kifi ya tsani sarari, mu kuma ga mu kan tsani.
Roƙi iska ta mare ka a fuska,
ta dama gaɓa, ta tono ƙwari daga laka."
Ya zura ma'aunin sanyi, ya ɗago, ya yi tsaki:
"Saura ƙiris. Jininsu bai farka ba."

Ƙudana na ƙarya ne:
gashin wuyan zakara, jan zare, ɗigon tagulla,
na ɗaure shi a teburin kicin wani daren Janairu.
Na danne haƙorin ƙugiya,
haka Paiute suka ce, masu tafkin
tun kafin a zana taswira.

Na kaɗa sanda baya, igiya ta miƙe bisa kaina,
na sake ta gaba,
ta sauka a hankali kamar gaisuwar mai kunya.
Na ja kaɗan-kaɗan. Ba kowa.
Na sake. Na sake. Na bar ƙirga.
Ƙanƙara ta toshe zobban sandar,
na narkar da ita da numfashi.
Kwasakwasa uku, farkon masu dawowa daga kudu,
suka wuce ƙasa-ƙasa, ba su ko dube mu ba.

Shayi ya huce a gora.
Yatsuna suka zama na wani.

Sai la'asar, yamma ta haɗe rai.
Iska ta taso ba sallama,
ta ɗauke hular Orval, ta ba tafki kyauta.
Igiyar ruwa na dukan tsani, tsani na rawa,
talatin suka koma bakwai,
motoci na kunna fitila a gaɓa.
Tsohon, kai ba hula, yana dariya:
"Yanzu aka buɗe kasuwa!"

Jifa ta uku, igiya ta tsaya cak.
Na zaci dutse ne.
Dutsen ya girgiza kai.

Ban san minti nawa ba.
Na san dai sanda ta rusuna har tana kuka,
na san na sauko mataki biyu ban sani ba,
ruwa ya shiga rigar roba ta wuya
ya gangara har tafin ƙafa.
Da ya zo cikin raga, tsawon hannuna ne har kafaɗa,
gefensa kalar garwashi,
jan zane biyu ƙarƙashin muƙamuƙi
kamar wanda aka yanka ya ƙi mutuwa.

"Hoto!" in ji Orval.
Wayar na aljihu, yatsu sun ƙi zik.
Na riƙe shi cikin ruwa, fuska ga igiya,
har wutsiya ta tuna aikinta.
Ya zame. Baƙin ruwa ya rufe.

A mota muka miƙa hannu ga bakin ɗumi,
ba mai magana.
Can sai Orval ya shafa sanƙonsa:
"Gobe ma iska ce. Gwiwa ta faɗa.
Kana da wata hular?"